Yadda Ake Gyaran Kicin, Falo da Tsakar Gida a Katsina Ba Tare da An Yi Aiki Sau Biyu Ba

Shekarar da na fara taɓa gidanmu na cikin gari, can wajen Ƙofar Marusa, da falo na fara, saboda shi baƙi ke gani. Aka yi silin na POP, aka shimfiɗa tayil, aka shafa fenti ruwan madara, maƙwabta na leƙowa suna sa albarka. Ruwan Agusta na sauka sai ga wani tabo ruwan ƙasa ya fito a kusurwar silin ta gabas, kullum yana ƙara faɗi. Kafin kaka fentin gindin bango ya kumbura yana zuba kamar gari. Da muka zo kan kicin kuma, ashe bututun ruwan wanke-wanke ba shi da mafita sai ta bakin ƙofar falon, dole aka fasa layi guda na sabon tayil.

Tun daga nan na gane gyaran tsohon gida bin sawun ruwa ne: ta ina yake shigowa, ina yake kwanciya, ta ina zai fita. In an gama da wannan sai a koma kan abin da ake binnewa cikin bango da ƙasa, ado shi ne ƙarshe. A kan wannan tsari zan jero aikin.

Kafin ka sayi ko buhun siminti ɗaya

In gidan gado ne da ba a raba ba, tara magada tukuna. A rubuta wanda zai kashe kuɗin, da matsayin kuɗin: kyauta ce, bashi ne a kan gida, ko za a cire ranar rabo. Shaidu su sa hannu. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan kicin ɗin da ɗayansu ya gina da kyakkyawar niyya. In akwai katangar da kuka haɗa da maƙwabci, shiga ka gaya masa da bakinka kafin ya ji ƙarar guduma. In kuma aikin ya kai ga ɗora bene, ko sauya fasalin ginin, ko taɓa abin da ya shafi bakin titi da kwata, sai ka nemi izinin hukumar tsara birane ta jiha, wadda aka fi sani da URPB. Matsar da mitar wuta kuwa aikin kamfanin wutar lantarki na KEDCO ne, kada ka bar mai wayarin ya cire ta da kansa.

Duba gida a damina ake yi, aiki kuma da rani. A Katsina ruwa ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, to ranar da aka yi mai yawa ka ɗauki lema da guntun gawayi ka zaga. Duk inda silin ya jiƙe ka zana, duk inda ruwa ya kwanta a tsakar gida ka kewaye, ka ja layi a iyakar inda danshi ya hau bango. Ka fita waje ka ga ko kwatar layinku na janye ruwan gidan ko ita ce ma ke turo muku nata. Hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas da tagoginsa suka fi shan duka. Ka ɗauki hoton komai da waya, don in rani ya yi duk shaidar za ta bushe, birkila kuma zai ce maka ai lafiya lau.

Lokacin da ya fi daɗin farawa shi ne daga Oktoba, ruwa ya ɗauke, leburori sun fara dawowa daga gona. Hunturu na saurin busar da siminti, amma ban ruwa na maganin wannan. Abin da ba shi da magani shi ne fara aiki ana saura wata ɗaya azumi ko Sallah. Kowane kafinta da mai fenti na riƙe da gida biyar a lokacin, kai kuma gaggawa za ta sa ka karɓi abin da bai kamata ka karɓa ba.

Sai awo. Ka sayi tef mai mita 5, ka zana kowane ɗaki a takarda da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, da inda ƙofa da taga suke. Da wannan takarda za ka yi lissafin kaya. Misali, falo mai mita 4 da mita 5 murabba'in mita 20 ke nan. Tayil mai santimita 60 da 60 yawanci guda 4 ne a kwali, wato murabba'in mita 1.44, don haka kwali 14 zai rufe shi, ka ƙara 2 saboda yanka da fashewa, 16 ke nan. Bangon bulo kuwa kusan bulo 10 ke shiga kowane murabba'in mita. Ba zan kawo farashi ba don na yau ba shi ne na gobe ba. Ka shiga kasuwa da kanka ka tambayi shago uku, abin da ka samu ka ɗora masa kashi 15 cikin 100 ka ajiye gefe. Tsohon gida ba ya nuna ciwonsa sai an buɗe shi.

Rufi da bango

Mai kwano ya hau sama da rana tsaka, wani kuma ya leƙa cikin silin. Duk inda haske ya ratso, ruwa ma zai ratso. A duba ƙusoshin da suka saki, da mahaɗar kwano da bango, nan ne yoyo ya fi ɓuya. A caka wa katakon rufin sukundireba, in ya shige kamar cikin burodi gara ta riga ka, sai canji, sabon katakon kuma a shafe shi da maganin gara kafin ya hau. In rufin soro ne na azara, a share bakin indararo, a tabbatar yana zubar da ruwa nesa da gindin bango. Tsofaffin gidaje da yawa silin ɗinsu na asbestos ne, kuma ƙurarsa na yi wa huhu mummunar illa. In za a cire, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi fale-fale ba tare da an fasa ko an yanka ba, masu aiki su rufe hanci, yara su bar gidan.

Kan bangon ƙasa zan ɗan tsaya, don a nan mutanen cikin gari suka fi asara. Siminti da ƙasa ba sa jituwa. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, in ka lulluɓe shi da filastan siminti danshin ya rasa mafita, sai ƙasar ta ruɓe daga ciki, filastan ya saki. Ka ƙwanƙwasa, in ka ji yana amsawa kamar ganga to ya rabu da bangon, watarana faifai guda zai faɗo. Hasumiyar Gobarau ta kwashe ɗaruruwan shekaru a tsaye, kuma da ƙasa aka gina ta, abin da ginin ƙasa ke so shi ne yaɓe a kan kari da kare kansa da gindinsa daga ruwa. In kana son barin bangon, nemo maginin gargajiya da ya san makuba. In dole sai siminti, a kafa ƙusoshi da ragar waya tukuna don ya sami abin kamawa, ka kuma sani cewa aikin na 'yan shekaru ne. Bangon da za a manna wa tayil ko a rataya wa kabad, kamar na kicin, gara a tayar da na bulo kawai.

Wanda zai fasa bango don faɗaɗa falo ko haɗa ɗakuna biyu, ya fara sanin abin da bangon ke ɗauke da shi. In azara, ko katakon rufi, ko silab ɗin kankare na sama na zaune a kansa, kira injiniyan gini. Za a tokare rufin, a zuba bim da rodi wanda ya hau bango ta kowane gefe, a bar tokaran a ƙalla sati 2 zuwa 3. Duk birkilan da ya ce maka "ba komai Alhaji, mun saba," ka tambaye shi wa zai kwana a ƙarƙashin.

Abin da ake binnewa

Yanzu ne lokacin ƙura da fashe-fashe, a yi shi gaba ɗaya a gama: kicin, falo da tsakar gida lokaci guda, ko da adon wani sai baɗi. Ka mayar da girki wata rumfa ta wucin gadi, ka rufe ƙofofin ɗakunan kwana da leda.

Mai famfo ya fara. Bututun ruwan datti na kicin ya zama inci 2, na bayan gida inci 4, kowanne da gangare na kusan santimita 2 a kowace mita. A sa ƙaramin akwati mai murfi a wajen bangon kicin, inda maiƙo da guntun tuwo za su tsaya a riƙa kwashewa, in ba haka ba man ja zai daskare a bututu da hunturu. Kafin a rufe ko taku ɗaya, a toshe bakunan famfo, a cika layin da ruwa, a bar shi ya kwana. Da safe ka bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma.

Sai mai wayarin. Waya mai kauri 1.5 ta ƙwan fitila ce, 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita a ba su 4, kowacce da nata bireka, murhun lantarki kuma 6. Kicin ya sami layinsa daban da na falo. Ka sa a kankare bakin wayar a gabanka tun a shago: in jan ƙarfe ne har ciki to madalla, in cikin fari ne an yi masa rufin ja, alminiyam ne, mayar musu. A ja wayar ƙasa zuwa sandar da aka kafa a ƙasa, saboda firji da injin wanki. In kana da niyyar sa sola, ko da ba bana ba, a ware layin fitilu, fanka da talabijin tun yanzu, a bar bututun waya fanko daga rufi zuwa inda inbata da batir za su zauna. Kafin filasta, ɗauki hoton kowane bango da tef a jikinsa. Ranar da za ka kafa ƙusar agogo za ka tuna da wannan hoton.

Filasta a yi shi da kwanon sarki ana aunawa, ba da ido ba. Buhun siminti mai kilo 50 kwano 2 ne, ga filasta a ba kowane kwanon siminti yashi 4 zuwa 6. Kankare kuwa siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Yashin da tifa ta kawo ka gwada shi: zuba shi rabin kwalba, cika da ruwa, girgiza, ka ajiye. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta hau kansa. In lakar ta yi kauri filastanka zai tsattsage. Ban ruwa safe da yamma kwana 7, kada a fasa ko na rana ɗaya, musamman da iskar hunturu.

Kicin

Ranar da za a tsara kicin, kai da birkila ku yi shiru, mai girki ta yi magana. Ni na zana nawa tsaf, kanta a jikin bango uku kamar yadda na gani a waya. Uwargida ta shigo ta tsaya ta duba.

"Abban yara, to ina zan aje turmi? Buhun gero kuma a kaina zan ɗora shi?"

Birkilan, wani dattijo, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, Hajiya ta fi mu gaskiya. Mi za a yi da kanta uku a gidan da ake tuƙa tuwon mutum goma sha biyar?"

Muka goge zanen. Abin da muka yi, kuma shi nake ba kowa shawara in fili ya samu, kicin biyu ne. Na ciki na gas, don girkin yau da kullum. Na waje rumfa ce mai rabin bango, ta murhun gawayi da itace, daka, babbakar kai da ƙafa, da manyan tukwanen suna da biki. Daɓen rumfar kankare ne zalla, domin taɓarya ba ta san tayil ba. A sa ta inda hayaƙi ba zai bi iska ya shiga ɗakuna ko shanya ba.

A na ciki, abu uku ne ke tafiyar da aiki: wurin wanke-wanke, murhu, da firji. Kada su yi nisa da juna, kuma a bar filin kanta tsakanin wurin wanke-wanke da murhu, ko da santimita 60 zuwa 90, nan ake yanka da jajjage. Wurin wanke-wanke ya fi kyau ƙarƙashin taga. Murhu kada ya zauna daidai taga, iska na kashe wuta, labule kuma na kamawa. Firji ya nisanci murhu, a bar masa sarari a baya ya sha iska.

Tsayin kanta da aka saba santimita 85 zuwa 90 ne, faɗi 60. Amma ka sa mai girkin ta tsaya a jera bulo a gabanta ta gwada. Wurin da murhun tebur zai zauna a sauke shi ƙasa da sauran kantar da kamar santimita 15 zuwa 20, don wadda za ta tuƙa tuwo tana bukatar ta danna muciya daga sama, in tukunya ta kai mata ƙirji kafaɗa ce za ta biya. Tsakanin kanta da bangon da ke fuskantarta a bar mita 1 zuwa 1.2, mutum biyu su gifta. Kabad na sama ya tashi santimita 55 zuwa 60 daga kanta.

Ga gidajenmu na fi yarda da kantar kankare: a tayar da ƙafafu da bulo inci 6, a zuba silab da rodi, a ɗora dutsen giranit ko tayil, kafinta ko mai alminiyam ya sa ƙofofi kawai. Gara ba ta cin ta, ruwa ba ya kumbura ta. Katakon MDF, wanda ake matse garin katako a yi shi, yana da kyau a ido, amma ɗigon famfo na wata ɗaya ya ishe shi ya buɗe kamar littafi. In da katako za a yi, ƙarƙashin wurin wanke-wanke dai a sa wanda ke jure ruwa, a kuma ɗaga gindin kabad santimita 10 daga ƙasa saboda mopa. Tayil ɗin ƙasa ya zama mai kaushi, mai sheƙi da ruwan kuɓewa in suka haɗu sai asibiti. Na bango ya hau har ƙarƙashin kabad, bayan murhu kuwa har sama. A bar 'yar magudana a kusurwa ɗaya, daɓen ya ɗan karkata wajenta. Soket huɗu ko biyar a saman kanta, nesa da famfo, ba su yi yawa ba.

Tukunyar gas, mai kilo 12.5 ko wadda ta fi ta, waje ya kamata ta zauna, cikin kejin ƙarfe mai shan iska, a inuwa, a tsaye, wanda ya san aikin ya ratso da bututu ta bango. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka kada kejin ya kasance kusa da bakin kwata ko rami, kuma kada a kulle tukunya cikin kabad marar huda. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi, a shafa a mahaɗa a ga ko zai yi kumfa, ba da ashana ba. Tiyo da ya fara tsagewa a canza shi nan take. A sa fankar zuƙe hayaƙi a saman bango kusa da murhu.

Sito kuwa ko ƙarami ne a fitar da shi, da taga mai raga a sama. Buhunan gero, masara da shinkafa a ɗora su kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Ƙasan ƙofar a sa mata faifan ƙarfe saboda ɓera.

Falo

Falo a Katsina abokan gabansa biyu ne, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu. Duk adon da bai yi la'akari da su ba wahala ce.

Taga biyu masu fuskantar juna sun fi babba guda ɗaya, don iska sai ta sami mafita take shigowa. Taga mai zugewa rabinta kawai ke buɗuwa, kuma ƙura na bin layinta. Mai buɗewa kamar ƙofa tana buɗuwa duka, in tana da roba a baki ta fi tare ƙura. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, in da hali a yi masa baranda ko rumfa. Ƙarfen taga kuma, a bar guda ɗaya a gidan mai buɗuwa da kwaɗo, makullin a rataye inda kowa ya sani, saboda gobara, Allah Ya kiyaye.

POP sai an tabbatar rufi ya ga ruwa bai yi yoyo ba. Kada a sauke shi ƙasa sosai don son hawa-hawa, ɗaki mai tsayin mita 3 ya fi sanyi, kuma fukafukan fanka su tsaya a ƙalla mita 2.3 daga ƙasa. Ƙugiyar fanka a jikin katakon rufi ko ƙarfe ake ɗaure ta, ba a POP ba. A bar ƙofar leƙawa cikin silin, a bar huda mai raga a ƙarƙashin kwano don zafi ya fita. Ni dai yawan zane da lunguna a silin ban ga amfaninsa ba, ƙura da yanar gizo-gizo kawai yake tarawa, kuma ba mai zanen ne zai riƙa hawa yana sharewa ba.

Tayil ka saye shi gaba ɗaya, ka duba lambar da ke jikin kwalaye ta zama iri ɗaya, don launi na ɗan bambanta daga fitowa zuwa fitowa. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakaninsu da ɗan sarari a jikin bango. Tayil da aka matse ba tazara shi ne kake ji ya yi ƙara da tsakar dare ya tashi kamar tanti in yanayi ya juya. Washegarin shimfiɗawa bi su ɗaya-ɗaya kana ƙwanƙwasawa da makulli. Wanda ya yi ƙarar fanko a ɗaga shi tun siminti bai gama kamawa ba. Kwalin da ya rage ka ɓoye shi.

Sabon filasta a ba shi sati 3 zuwa 4 ya bushe kafin fenti. Gidan yara a sa mai wankuwa, launi mai haske. Fenti mai gurza-gurza a cikin ɗaki matattarar ƙura ce.

Tsarin zama kuma ya bi yadda muke rayuwa. In falon na baƙi maza ne, ƙofarsa ta fito ta zaure ko ta waje, da ɗan bayan gida da wurin alwala kusa, yadda baƙo ba zai ratsa tsakar gida ba. A bar tsakiya fili, don a ƙasa ake shimfiɗa ledar cin abinci, nan ake buɗa-baki, nan ake jam'i in ta kama. Kafin ka ba da aikin kujeru, auna lungunku da ƙofofin zaure. Zaurukanmu da gangan ake karkata ƙofofinsu don kada na waje ya hango ciki. Doguwar kujerata mai cin mutum uku ta shiga ƙofar farko ta ƙi juyawa, muna ji muna gani, sai ta katangar maƙwabci aka ɗaga ta da igiya, yaran unguwa na ihu.

Tsakar gida

Ita ce ƙarshe a shimfiɗa, amma awonta tun farko ake yi, don ita ke yanke tsayin komai. Ƙa'idar ita ce daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tsayi da a ƙalla santimita 15, tsakar gida kuma ta fi kwatar waje. A unguwannin da aka ɗaga titi aka yi kwalta, gidaje da yawa sun koma rami. In naka haka yake, ko dai a yi ciko a ɗaga har da dokin ƙofofi, ko a yi tudu a bakin zaure a haƙa ramin tsotse ruwan sama a ciki. Awon ba ya bukatar na'ura: farin tiyo mai nuna ciki, a cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunan, inda ruwan ya tsaya a kowane gefe tsayi ɗaya ne. Daga nan a ba daɓe gangaren santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, daga ɗakuna zuwa mafita.

Kada ka shafe filin duka da siminti. Yana ɗaukar zafin rana ya riƙa sakinsa har tsakar dare, lokacin da ake son shimfiɗa tabarma a waje. Intalok ya fi, don ana iya ɗaga shi a gyara bututu a mayar. A daddage cikon jar ƙasa sosai, a baza yashi kamar santimita 5, a jera, a kama gefe da kankare, a share yashi cikin tsagogin. In ba a daddage ba, damina ɗaya zai lotsa.

Bar wa itace gurbi. Bedi na da inuwa mai daɗi, amma saiwarsa na tafiya nesa tana ɗaga daɓe, sai in filin na da girma a nisanta shi da gini da sokawe da kamar mita 5. Ƙaramin gida ya fi dacewa da lemun tsami, gwaiba, zogale, da lalle a jikin katanga. Sokawe kuma ya nisanci rijiya da a ƙalla mita 15, in an sami 30 ya fi.

Tankin lita 1,000 in ya cika nauyinsa tan guda ne, don haka ƙafafunsa aikin mai walda ne na gaske, da gindin kankare. Tsayin mita 3 zuwa 4 ya isa ya tura ruwa kicin. A yi masa 'yar inuwa, in ba haka ba da azahar ruwan ba ya taɓuwa. Farantan sola a fuskantar da su kudu da ɗan karkata kamar digiri 13 zuwa 15, daidai da inda Katsina take, a kuma sa su inda za a iya hawa a goge ƙura. Ka tuna da igiyar shanya, da famfo ɗaya a tsakar gida mai ɗan dakali don alwala da wanki, da kusurwar da za a ɗaure ragon layya, mai ƙarfe a kafe da daɓen da ke gangarawa magudana, yadda ranar yanka bokiti biyu zai wanke wurin.

Masu aiki da biyan kuɗi

Jinga ta fi biyan yini, amma a yanka ta gunduwa-gunduwa: fashe-fashe, gini, filasta, tayil, kowanne da kuɗinsa a rubuce, kai da shi da shaida. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai kai shi ƙarshen gunduwar farko. Kaya ka saya da kanka ko wanda ka yarda da shi, Dangote ne ko BUA duk siminti ne in sabo ne, ka dai taɓa buhun ka ji bai daskare ba, ka jera shi kan katako, kada ka tara abin da zai wuce wata 2 zuwa 3 a ajiye. Bulo ka kankare shi da ƙusa, in yana zuba kamar ƙuli-ƙulin da ya sha iska ka nemi wani gidan bulon. Kafin ka ɗauki mai aiki je ka ga aikin da ya yi shekara biyu baya, ba na makon jiya ba. Ka riƙa zuwa kullum, ko da na minti goma ne, da safe lokacin kwaɓa siminti. Ruwan sanyi da kuɗin abinci a kan lokaci kuma suna gyara aiki fiye da faɗa.

Cikon ƙarshe, kamar kashi 10 cikin 100, ka faɗa tun ranar ciniki cewa sai an yi gwaji. Ranar gwajin a buɗe duk famfunan gidan a duba ƙarƙashinsu, a kunna duk abin da ke cin wuta lokaci guda a taɓa akwatin bireka a ji ko ya yi zafi, a buɗe kowace ƙofa da durowa. Sannan a kira ɗan ga-ruwa ya juye kura guda a tsakar gida daga kusurwa mafi nisa, kowa ya tsaya ya kalli inda ruwan zai nufa. A namu wani ɗan tafki ya taru daidai ƙofar kicin, faɗin faranti. Dattijon birkilan nan ya tsuguna ya zagaye shi da alli, ya ɗaga intalok takwas ya ƙara yashi, aka sake zuba jarka biyu, ruwan ya wuce zaure ya faɗa kwata, sannan na ƙirga masa cikonsa. Na mai kwano kuwa sai da ruwan farko na Yuni ya sauka na hau da tocila na leƙa cikin silin.